Idan Kotu Ta Soke Aure, Wa Zai Ciyar?

'Yan'uwa, soke aure dabam yake da kisan aure. Kotu takan soke aure idan tun farko bai ɗauru ba, misali mijin yana da matar rajista ya ɓoye, ko an yi wa yarinya dole. Mukan ji namiji ya ce, "Ai ba matata ba ce, ba ta da hakki a kaina." Kuskure ne. A auren rajista, dokar Najeriya ta 1970 ta ba Babbar Kotu ikon yanka kuɗin ciyarwa ko bayan sokewa, gwargwadon samun kowannensu da halinsa. 'Ya'ya kuwa suna nan nasa, kuma 1 Timoti 5:8 ta tsawata wa mai ƙin kula da iyalinsa. Dattawan ikkilisiya, kada mu bari 'yar'uwa ta fita hannu wofi.