Fitilar Babur da Idon Ɗan Adam

Duk wanda ya taɓa tafiya da dare a kan titi ya san yadda fitilar babur mai tahowa kan kashe wa mutum ido, har ya ɗauki ɗan lokaci ba ya ganin gabansa. Wannan abu ne ya sa hukumomi suka kafa ƙa'idoji a kan yadda za a ƙera fitilar, kuma tushen ƙa'idojin yana cikin halittar ido.

A can bayan ido akwai wani tantani mai karɓar haske, wanda masana ke kira ratina. Yana ɗauke da ƙwayoyin halitta iri biyu: masu siffar sanda, kimanin miliyan 120, waɗanda muke gani da su cikin duhu, da masu siffar mazurari, kimanin miliyan 6, masu aiki da rana da bambance launi. Masu siffar sanda sun dogara da wani sinadari da jiki ke haɗawa daga bitamin A, shi ya sa ƙarancin wannan bitamin kan jawo dundumi. Haske mai ƙarfi yana wargaza sinadarin nan take, alhali kuwa ido kan buƙaci minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu. Direban da ke gudun kilomita 60 a sa'a, in idonsa ya mutu na daƙiƙa 3 kacal, ya ci mita 50 a makance.

Saboda haka aka raba hasken fitila gida biyu: dogo, wanda direbobi ke kira ful, da gajere, wato dim. A ƙarƙashin yarjejeniyar Janiba ta 1958, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba 53 game da fitilun babur. Ta tanadi a kafa fitilar gajeren haske tsakanin santimita 50 zuwa 120 daga ƙasa, kuma a ɗan sunkuyar da ita, domin hasken ya sauka a kan kwalta, ya bar fuskar mai tahowa.

Da rana kuwa matsalar dabam ce. Babur siriri ne, ido kuma ya fi saurin lura da abu mai faɗi ko mai ƙyalli. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1981 ya nuna cewa a yawancin karon mota da babur, direban motar bai hango babur ɗin da wuri ba. Don haka Malesiya ta wajabta kunna fitilar babur da rana a 1992, Indiya kuma daga 2017 ta tilasta a ƙera sababbin babura ta yadda fitilar za ta kama da zarar an tayar da inji.

A garuruwanmu an sha ganin mai babur ya cire ƙwan asali ya sa wani farin ƙwai mai tsananin haske, wanda bai dace da madubin cikin fitilar ba. Hasken sai ya watsu ko'ina, ya makantar da wanda ake so ya kauce masa.

Malamai za su iya nuna wannan a makaranta. A tsayar da babur mita 10 daga bango da magariba, mahayi na zaune a kai, a kunna dim. Bakin hasken na sama ya kamata ya faɗi ƙasa da tsayin fitilar da santimita 5 zuwa 25. In ya haura, a kai wa makanike ya daidaita. Allah Ya kiyaye hanya.