Ina alamar VLAN ta shige?

Yau ina so mu taɓa wani abu da ke rikita masu koyon aikin netwok. VLAN hanya ce ta raba switch ɗaya gida-gida. Tun 1998 ƙa'idar 802.1Q ta tsara yadda ake liƙa wa fakitin bayanai alama mai bayit 4, ɗauke da lambar gidansa, daga 1 zuwa 4094.

To, ga inda gizo ke saƙar: katunan netwok da yawa suna cire alamar da kansu don rage wa kwamfuta aiki, su miƙa wa manhajar direba lambar a gefe. Sai ka buɗe Wireshark, ka ga ba alama, ka ce switch ya lalace. Alhali lafiyarsa ƙalau!

A Linux, libpcap kan mayar da alamar in direban ya miƙa ta daidai. In kana tantama, rubuta ethtool -K eth0 rxvlan off, ka sake kama fakitin. A Windows kuwa, wasu direbobin Intel sai an kunna musu MonitorMode.

Shawarata, kafin ka zargi switch, fara tuhumar katinka. Mu haɗu a shiri na gaba.