Tsohon Haske a Saman Mayo Gwoi

Duk wanda ya yi damina a Jalingo ya san yadda hadari ke gangamowa ya lulluɓe duwatsun bayan gari, kafin ya sauke ruwan da ke sa kogin Mayo Gwoi ya cika ya batse. Ya kuma san walƙiya ake fara gani, sai an ɗan jima tsawa ta biyo. Amma lokaci guda su biyun suke tashi daga cikin gajimare. Sauti ne ke da nawa, don mita 340 kacal yake ci a daƙiƙa ɗaya. Idan ka ƙirga daƙiƙa 3 tsakanin ganin hasken da jin ƙarar, to aradun ta faɗi a nisan kilomita ɗaya daga inda kake.

A ganina, daga wannan ɗan jinkirin ya kamata mai sha'awar ilimin sararin samaniya ya fara, domin shi ma hasken ba nan take yake isowa ba. Tafiya yake yi, sai dai gudunsa ya kai kilomita 300,000 a daƙiƙa, wato zai zagaye duniyarmu sau 7 da rabi a daƙiƙa guda. A doron ƙasa ba ma lura da jinkirinsa. A sama kuwa, inda nisa ya wuce hankali, jinkirin nan shi ne komai.

Malaman da suka gabata sun hango haka. Al-Biruni ya rubuta cewa haske ya fi sauti sauri nesa ba kusa ba, Ibn al-Haisam kuma, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, ya tafi a kan cewa haske na buƙatar lokaci kafin ya ratsa wuri. Hujjar awo ta zo a 1676, daga wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Ole Romer. Ya lura cewa wani wata da ke zagaya duniyar Mushtari yakan makara wajen shiga inuwar Mushtari da fita idan duniyarmu ta yi nisa da Mushtari, ya kuma yi sammako idan ta matso. Watan bai sauya tafiyarsa ba. Hasken da ke kawo labarinsa ne hanya ta ƙara masa tsawo.

To, ga abin da wannan ke nufi. Watan da muke dubawa don azumi da salla yana nisan kusan kilomita 384,000, saboda haka muna ganinsa yadda yake daƙiƙa ɗaya da ɗoriya da ta wuce. Rana tana nisan kilomita miliyan 150. Zafin da ke dukan mai wanki a bakin kogi da hantsi ya baro ta tun minti 8 da daƙiƙa 20 baya. Daga nan kilomita ta daina amfani, sai masana suka koma awo da tafiyar da haske ke yi a shekara guda.

Mu da ke Jalingo, kusan digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, muna da rabon da mutanen Ingila ba su da shi. A daren Mayu da Yuni, idan gajimare ya yaye, akwai tauraro mai haske ƙasa-ƙasa ta kudu da ake kira Alfa Sentauri. Shi da abokan tafiyarsa su ne maƙwabtan rana mafi kusa, amma sai da haskensa ya shekara 4 da 'yan watanni a hanya.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Kaza da 'Ya'yanta, taurarin da malaman falaki ke kira Surayya, waɗanda manoma suka daɗe suna lissafin shekara da su. Nisansu ya kai tafiyar haske ta shekara 440 ko sama da haka kaɗan. Hasken da zai shiga idonka a bana ya taso ne a ƙarshen ƙarni na 16, zamanin da Mai Idris Aloma ke mulkin Borno, zamanin da rundunar Kwararrafa daga wannan kwari namu na Binuwai ke iya tasar wa Kano. Yana hanya Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi jihadi a 1804, yana hanya Turawa suka zo suka tafi, yana hanya aka ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991.

Akwai abin da ya fi wannan nisa wanda ido zai gani ba tare da na'ura ba. A watan Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazon hunturu ya yi kauri, ka fita bayan gari inda babu fitila, ka dubi sama ta arewa wajen ƙarfe 9 na dare. Za ka ga wani ɗan tabo fari dishi-dishi. Wannan shi ne Andiromeda, gungun taurari biliyoyi irin wanda ranarmu ke ciki, kuma haskensa ya shekara miliyan 2 da rabi yana tahowa.

Tunda duban nesa duban baya ne, tambaya ta gaba ta zama dole: ina bayan ya tsaya? A 1927 Georges Lemaitre, limamin Katolika ɗan Beljiyam kuma masanin lissafi, ya fitar daga ƙa'idojin Einstein cewa sarari kansa buɗewa yake yi. A 1929 Edwin Hubble a Amurka ya nuna da awo cewa gungun taurarin da suka fi nisa sun fi saurin guje mana. Nan mutane da yawa kan ɗauka mu ne a tsakiya, alhali ba haka ba ne. Ka ɗauki kwaɓin fanke da aka barbaɗa wa riɗi aka bar shi ya tashi. Kowace ƙwayar riɗi za ta ga sauran suna nisanta da ita, na nesa sun fi na kusa sauri, ba don ita ce cibiya ba, sai don kwaɓin ne ke kumbura ta ko'ina. Idan aka mayar da lissafin baya, sai a tarar komai a cure yake cikin matsanancin zafi kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce. Kimiyya ta tsaya ne a kan yadda abin ya gudana da tsawon lokacinsa, kuma ban ga dalilin da zai sa mai imani, a masallaci ko a coci, ya ji tsoron wannan lissafi ba.

Wannan ba zato ba ne, an kama shaidarsa. A 1965 Arno Penzias da Robert Wilson suka ba da rahoton wata ƙara da ta ƙi barin eriyarsu duk inda suka juya ta. Ashe ragowar hasken farko ne, wanda ya samu hanyar fita shekara 380,000 bayan farawar komai, ya huce har ya koma digiri 2.7 sama da sanyin da babu na ƙasa da shi. Wani ɗan kaso na yayyafin da tsohuwar talabijin ke nunawa idan ba tasha daga wannan hasken yake.

A nan iyakar haske take. Kafin waɗancan shekaru 380,000 su cika, sarari ya yi cunkoson da haske ba ya iya ratsawa, don haka ko madubin hangen nesa na James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 ba zai leƙa can ba. Masu bincike sun sa rai ne ga wata hanyar daban, wato girgizar da sarari kansa ke yi idan manyan abubuwa suka yi karo. An fara kama irinta ranar 14 ga Satumba 2015 a na'urorin LIGO na Amurka, daga haɗuwar baƙaƙen ramuka biyu, wato abubuwa masu nauyin da ko haske ba ya kuɓuce musu, fiye da shekara biliyan ɗaya da ta wuce. Wadda ta taso tun daga farkon halitta ita ake nema yanzu.