Ilimin Awon Ji: Gurbin da Waƙafi Zai Cike a Gayam

Fiƙihun Malikiyya ya hukunta cikakkiyar diyya ga wanda aka salwantar masa da ji, daidai da diyyar rai. Wannan ya isa shaida a kan darajar ni'imar.

A Gayam da sauran ƙauyukan dajin Birnin Gwari, shekarun rashin tsaro sun katse wa iyalai da yawa rigakafi da zuwa asibiti. Sanƙarau, ƙyanda da ruwan kunne da aka bari ba magani suna cikin manyan sanadin kurumtar yara. Yaron da bai ji ba tun yana ƙarami, magana takan gagare shi, karatun allo da na boko su biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin jin yara abu ne da za a iya kaucewa. Rahotonta na 2021 ya nuna cewa kashi 78 cikin 100 na ƙasashen yankin Afirka ba su da ko masanin ji ɗaya ga kowane mutum miliyan.

Masanin ji daban yake da likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Likita yana ba da magani, yana yin tiyata. Shi kuwa masanin ji yana auna ƙarfin ji da na'ura, ya gano inda illar take, ya daidaita na'urar taimaka wa ji, sannan ya koya wa iyaye yadda za su tallafi ɗansu.

Horon ba gajere ba ne. A Amurka sai an yi digirin dakta, galibi shekara 4 bayan digirin farko. A Nijeriya, Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da fannin a matakin digiri na biyu, kuma ba a aiki sai da rajistar hukumar MRTB. Mafi kusa da mu ita ce Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999.

Zakka za ta iya saya wa matalauci na'ura, ta biya masa kuɗin mota zuwa Kaduna. Amma ɗaukar nauyin ɗalibi shekara bayan shekara yana buƙatar kuɗin da ba ya yankewa, kuma wannan aikin waƙafi ne. Saboda haka muna kira ga masu hali da su tsayar da gona ko shago domin karantar da ɗan yankin, bisa sharaɗin zai dawo ya yi wa mutanensa aiki. Allah Ya karɓa daga gare mu.