Batir Ko Tanki? Lissafin Sola a Gonakin Kura da Bunkure

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura dubu a 2024, hirar manoman rani a Kura da Bunkure ta koma kan sola. Wanda gonarsa ke bakin kanal da sauƙi, ruwan madatsar Tiga yana gangaro masa da kansa tun da aka kammala ta a 1974. Wanda ke shan wuya shi ne na can gefe, da sai ya ta da inji kafin shukarsa ta sha. Irinsu ne ke yawan tambaya ta: "Malam, batir nawa zan saya?"

Nakan ce: Alhaji, tukuna, mu fara da lissafi. Famfo mai ƙarfin doki biyu yana cin wajen kilowat ɗaya da rabi. In zai yi awa huɗu da dare, kilowat-awa 6 ke nan. Babban batir na dalma, mai 200Ah ɗin nan da ke shagunan Sabon Gari, yana ɗaukar kilowat-awa 2.4, amma rabi kawai ake zuƙa in ana so ya yi ƙarko. Batura biyar ke nan saboda famfo ɗaya, ban da inbata, ga zafin Afrilu da ke rage musu kwana. Alhali rana tana nan tun hantsi har la'asar. A haɗa farantan sola kai tsaye da famfo, a yi ban ruwa da rana, ko a cika tanki ko tafki a saki da yamma. Ajiye ruwa ya fi ajiye wuta araha nesa ba kusa ba.

Gaskiya ne farashin batir ya karye a kasuwar duniya. A 2010 kilowat-awa ɗaya na batirin litiyam ya haura dala 1,000. A 2024 kamfanin BloombergNEF ya ƙiyasta shi kan dala 115, galibi saboda masana'antun Sin irin su CATL da BYD. Girman ma ya wuce tunani: tashar batura ta Hornsdale da Tesla ya gina a kudancin Ostareliya a 2017 ta fara aiki ne tana ajiye kilowat-awa 129,000, daidai da baturan dalma sama da dubu hamsin. To amma wannan farashin masu sari ne. Mu da dala muke saye, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 cikin shekara guda, sannan ga kuɗin jirgi da ribar dillali.

Inda nake ganin batir zai biya kuɗinsa shi ne aikin da ba ya jiran fitowar rana. Duk wanda ya ga kwandunan tumatir suna ruɓewa a Kwanar Gafan lokacin da kaya suka yi yawa ya san ciwon abin. Ɗakin sanyi dole ya kwana yana aiki, haka injinan casar shinkafa na Kura in oda ta taru. Wannan kuwa ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Aikin ƙungiya ne, a sayi na litiyam babba guda, mai jure caji sau dubbai, kowa ya biya kuɗin kwandonsa ko buhunsa. Kafin a miƙa ko sisi, mai sayarwa ya rubuta kilowat-awa nawa batirin ke bayarwa, garantin shekara nawa ne, kuma wa zai zo daga Kano in ya lalace.