Ƙyanƙyami, tsantseni da ƙyama: inda suka haɗu da inda suka rabu

Idan ƙuda ya faɗa cikin ƙwaryar fura, wani zai tsame shi da ludayi ya ci gaba da sha, wani kuwa sai ya ture ƙwaryar, ko da yunwa na cinsa. Na biyun nan shi ake kira mai ƙyanƙyami. Abin daga jiki yake tasowa tun kafin tunani ya sa baki: fuska ta yamutse, yawu ya taru, zuciya ta tashi, wani har tsigar jikinsa ta tashi. Ba a shawara da mutum kafin haka ta same shi, shi ya sa ba a cika ɗora masa laifi ba.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan hali. Charles Darwin ya yi bayaninsa a littafin da ya fitar a 1872 kan yadda mutane da dabbobi ke bayyana abin da ke ransu, inda ya danganta shi da ɗanɗano da abinci. A 1986 Paul Rozin na Jami'ar Pennsylvania a Amurka da abokan aikinsa suka wallafa wani gwaji mai sauƙi: an tsoma mataccen kyankyaso, wanda aka riga aka kashe duk ƙwayoyin cutar da ke jikinsa, cikin ruwan 'ya'yan itace, aka cire shi, aka miƙa wa mutane. Sun san ba abin da zai same su, amma yawancinsu suka ƙi sha. Ke nan ƙyanƙyami ba ya sauraron hujja. Masu bincike da dama na ganin garkuwa ce ta halitta da ke nesanta mu daga kashi, mushe da ruɓaɓɓen abinci, waɗanda su ne matattarar cuta.

Sai dai abin da za a yi wa ƙyanƙyami koyonsa ake yi. Soyayyiyar fara da yaji abin marmari ce a Kano da Maraɗi, Bature kuwa yana iya kau da kai. Mu kuma da yawanmu ba ma iya kallon dodon koɗi a faranti, alhali a Faransa abincin alfarma ne. Warin daddawa da ke tsinka mana yawu yana iya korar baƙo daga madafa.

Akwai wani nau'in tsoro da ake yawan cakuɗawa da ƙyanƙyami, wato na mutumin da ke suma idan ya ga jini ko allura. Nasa ba raki ba ne. A sauran nau'o'in tsoro bugun zuciya ƙaruwa yake yi, amma a nan sai bugun ya ragu, ƙarfin gudun jini ya sauka, jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya yi kaɗan, mutum ya zube. Abin da ya dace shi ne a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, ba a yi masa gorin ragwanta ba.

Tsantseni dabam ne. Mai tsantseni zaɓa yake yi ya kame kansa: ba ya cin abin da bai san asalinsa ba, ba ya taɓa kuɗin da ke da shubuha. Shi ya sa malamai ke amfani da kalmar wajen yabon mai taka-tsantsan a addini. Hukuncinsa a kan kansa yake tsayawa, ba ya hawa kan kowa.

Ƙyama ce mai haɗari, domin ita ce ke tsallakewa daga abu ta sauka kan mutum. Ana ƙyanƙyamin ruwan miki, amma mai mikin ake ƙyama, kuma da zarar an kai nan, magana ta bar hannun jiki ta koma hannun al'umma. Dubi kuturta. Tun 1873 likita Armauer Hansen ya gano ƙwayar da ke haddasa ta a Bergen ta ƙasar Norway. An san cewa kusan kashi 95 cikin ɗari na mutane jikinsu na iya kare kansa daga ita, kuma wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. Tun 1995 ake raba maganin kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, ana shansa wata 6 ko 12. Duk da haka wanda ya warke sarai yana zuwa shagon mai shayi a keɓe masa kofinsa, saboda dungulmin yatsun da cutar ta bari. Wannan ba kariya ba ce, zalunci ne, kuma yana sa masu sabon tabo a fata su ɓoye har sai jijiyoyinsu sun lalace.

Mata masu yoyon fitsari sun fi kowa ɗanɗana wannan. Lalurar ba ta yaɗuwa ko kaɗan. Galibi doguwar naƙuda ce ke jawo ta, idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Amma zarnin fitsari kan sa a raba wa mai lalurar kwano, a hana ta girki, sau da yawa miji ya mayar da ita gidan iyayenta, duk da Bahaushe na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina asalinsa na masu kuturta ne, kuma a can ne likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holand ya fara yi wa matan nan ɗinki a shekarun 1980, har wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. Ma'aikatan jinyar irin waɗannan wurare su ma suna da hanci kamar kowa. Da safar hannu da sabulu da sabo suke shawo kan ƙyanƙyaminsu, su canza wa majinyaciya shimfiɗa, sannan su zauna su yi hira da ita.