Daga Tukubar Mai Tsire Zuwa Jirgin Sama

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukubar mai tsire a kasuwar Gummi, ko ta Anka, ko ta Bukkuyum, ya ga abin da za mu yi magana a kansa, ko da bai lura ba. Mai tsire ba ya aza nama bisa wuta. Kakkafa tsinkaye yake yi kewaye da ita, harshen wuta bai taɓa su ba, hayaƙi da iska mai zafi kuwa sama suke tashi, amma duk da haka naman ya gasu. To, mene ne ya gasa shi?

Wani masani a Ingila, William Herschel, shi ya gano amsar a 1800. Ya rarraba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, launuka suka fito jere kamar bakan gizo, ya bi su da ma'aunin zafi. Da ya gota ja, ya kai inda ido ba ya ganin kome, sai ya ga zafi ya ƙaru. Ashe akwai wani ɓoyayyen haske da ke ɗauke da zafi, wanda Turawa ke kira infared. Shi ke fitowa daga garwashi ya miƙe sak ya faɗa kan nama. Cikin shekarun 1930 kamfanin Ford na Amurka ya soma busar da fentin motoci da fitilu masu irin wannan haske.

Yanzu kuma an kai shi ga aikin da ya fi wannan wuya, watau gasa zaren gawayi. Shi wannan zare, ana samunsa ne idan aka ƙona wani zaren roba da zafin da ya wuce digiri 1,000 a wurin da ba iska, har ya zamana kusan gawayi kaɗai ya rage. Bai kai kaurin gashin kai ba, amma in an gwada shi da ƙarfe, nauyi da nauyi, ya fi shi ƙarfi. Masana a Osaka ta Japan da kuma Farnborough ta Ingila su suka kyautata yinsa a farkon shekarun 1960. Sai dai zare shi kaɗai ba ya tsayuwa. Kamar yadda magini ke kwaɓa laka da ciyawa ya yi tubali, haka ake shimfiɗa zaren hawa-hawa cikin wani irin ƙaro, sa'an nan a gasa har ƙaron ya sandare. Jirgin Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, kimanin rabin nauyinsa irin wannan haɗi ne.

Hanyar da aka saba ita ce a rufe kayan cikin wani ƙaton tanderun ƙarfe, a matsa iska ciki, a kai zafi digiri 120 ko 180, a bar shi awoyi. Ku tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa. Wannan hanya tana cin wuta da kuɗi ƙwarai, domin sai an ɗumama iska da tanderun duka kafin zafi ya isa ga kayan. Fitilar infared kuwa kai tsaye take aika zafinta, zaren kuma baƙi ne, baƙin abu ko da ma ya fi shan zafi. Saboda haka aiki ya fi sauri, wuta ta fi auki.

Amma fa akwai haɗari, mai tsire ma ya san shi. Hasken nan ba ya shan kwana. Gefen da ke duban wuta shi ke gasuwa, don haka ne yake jujjuya tsinkaye, in kuma tsoka ta yi kauri sai bayanta ya ƙone, cikinta ɗanye. Haka zaren gawayi yake. Lungun da ya faɗa cikin inuwa ba ya nuna sosai, ga ido kuwa lafiya lau. Har wa yau, ƙaron da kansa yana fid da zafi sa'ad da yake sandarewa, wuri mai kauri yana iya ƙonewa daga ciki. Ɗanyen tsire ciwon ciki zai sa, amma ɗanyen fiffike rayuka zai ci. Shi ya sa ake jera fitilu da lissafi, a liƙa ma'aunan zafi wuri-wuri, a kuma sa kayan cikin jakar da aka zuƙe wa iska, don kada kumfa ta ɓuya tsakanin zare da zare.

Malamai, wannan darasi ba ya bukatar kayan Turai. Ku sami gwangwanayen madara biyu, ku shafe ɗaya da kunkunniya, ku zuba musu ruwa daidai wa daida, ku ajiye su gefen garwashi, nisa ɗaya. Bayan ɗan lokaci yara su tsoma yatsa su faɗi wanda ya fi ɗumi. Sa'an nan yaro ya miƙa tafinsa wajen wuta, a gitta allo tsakani, zai ji zafi ya yanke nan take. Yaron da ya gane dalilin waɗannan abubuwa biyu ya riƙe tushen aikin da ake yi a ma'aikatun jiragen sama.